FILIN MATA: Likitar Da Ta Je Habasha Aikin Shekara 3, Ta Yi 61

Yau za mu leƙa ƙasar Habasha ne, mu ga yadda wata likita baƙuwa ta yi zamanta a can. Sunanta Dokta Catherine Hamlin, mutuniyar Ostireliya, an haife ta a birnin Sidni cikin 1924.

A 1959 ita da mai gidanta Dokta Reginald, wanda shi ma likitan mata ne, suka sauka Adis Ababa da ɗansu ɗan shekara 6. Gwamnatin Sarki Haile Selassie ce ta ɗauke su aikin shekara 3, don su buɗe makarantar unguwarzoma a Asibitin Gimbiya Tsehai. Ba su daɗe ba suka fara ganin wata cuta wadda ba su taɓa gani a ƙasarsu ba, watau yoyon fitsari. Mu kam ba sai an yi mana bayani ba, mun san abin da ke kai mata Babbar Ruga a Katsina. Yarinya ce za ta kwana uku ko huɗu tana naƙuda a ƙauye, kan ɗa ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai, sa'an nan ita kuma a bar ta da fitsari yana zuba dare da rana. Miji ya gudu, a keɓe mata bukka can bayan gida saboda zarni.

To, sai likitocin nan biyu suka koma ɗalibai. Da rana suna duba marasa lafiya suna koyarwa, da dare suna bin tsofaffin littattafan likitoci don su gane yadda ake ɗinke wannan huda. Da labari ya bazu cewa ana warkewa, sai mata suka riƙa zuwa daga nesa, wasu da ƙafa, don masu mota kan sauke su idan fasinja suka yi ƙorafin wari. Gadaje suka kasa. Wannan ne ya sa suka gina asibitin yoyon fitsari nasu a gefen wani kogi cikin 1974, shekarar da soja suka hamɓare Haile Selassie. Baƙi da yawa sun tattara nasu ya nasu sun bar ƙasar a lokacin, amma su suka zauna.

Gidan Dokta Catherine wani ɗan ƙaramin gida ne a cikin harabar asibitin, kewaye da itatuwa da furanni. Daga ƙofarta zuwa ɗakin majinyata tafiyar ƙafa ce kaɗan, saboda haka da wuya a ce ga inda aiki ya ƙare zaman gida ya fara. Ba a karɓar ko kwabo a hannun majinyata. Bayan aiki mace takan yi kamar mako biyu da robar fitsari, kuma kafin a sallame ta ana koya mata karatu da ƙidaya. Ran tafiya a ba ta sabuwar riga da kuɗin mota, a gargaɗe ta cewa in ta sake samun ciki, lalle a asibiti za ta haihu. Rigar nan kada ku raina ta, 'yan'uwa. Wadda ta baro ƙauye da tsumma mai zarni, in ta koma da sabuwar sutura, kowa zai san ta warke tun kafin ta buɗe baki.

Amma a ganina babban aikin matar nan shi ne koyarwa. Cikin 1962 aka kawo musu wata yarinya 'yar ƙauye mai suna Mamitu Gashe, tana da kimanin shekara 16, naƙuda ta yi mata mummunan rauni. Da ta samu sauƙi sai ta ƙi komawa gida. Ta fara da gyaran gadaje. Daga nan ta shiga ɗakin tiyata tana miƙa wa Dokta Reginald kayan aiki, yau da gobe har aka bar ta ta yi ɗinkin ƙarshe, daga baya kuma ta riƙa yin aikin gaba ɗaya da hannunta. Mamitu ba ta taɓa shiga aji ba, amma likitoci masu digiri daga ƙasashe dabam-dabam sun tsaya a bayanta suna koyon aikin. Haka kuma matan da cutarsu ta ƙi warkewa sarai, da yawansu an koya musu jinya aka ɗauke su aiki a nan asibitin.

Dokta Reginald ya rasu a 1993. Matarsa ba ta koma Sidni ba. Ta ci gaba da shiga ɗakin tiyata har ta haura shekara 80, aka buɗe rassan asibitin guda 5 a garuruwan Bahir Dar da Mekele da Harar da Yirgalem da Metu. A 2007 ta buɗe kwalejin unguwarzoma, inda ake ɗauko 'yan mata daga karkara a koyar da su, sa'an nan a mayar da su yankunansu su yi aiki, don a tare naƙuda mai gardama tun kafin ta yi ɓarna. Gwamnatin Habasha ta ba ta takardar zama 'yar ƙasa ta girmamawa a 2012.

Matan da aka yi wa magani a asibitocin nan sun haura 60,000. Dokta Catherine ta rasu a gidanta na cikin harabar asibiti ran 18 ga Maris, 2020, tana da shekara 96, aka binne ta a Adis Ababa inda aka binne mai gidanta.