Wa ya kashe macijiyar Kusugu? Darasin Turancin da ke kayar da ɗalibai a Daura

Kusan duk yaron da ya tashi a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu: macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har wani baƙo ya zo da dare ya sare mata kai. Da gari ya waye, abin da mutanen gari suka iya faɗa kawai shi ne, "An kashe macijiya." Jimlar ba ta faɗi wanda ya yi kisan ba, shi ya sa wasu suka yi ta bugun ƙirji a gaban Sarauniya Daurama, har sai da Bayajidda ya fito da kan.

Wannan sakaya mai aiki ita ce Turawa ke kira "passive voice", kuma tana cikin abubuwan da ke cinye wa ɗalibai maki a jarrabawar WAEC da NECO. Wanda bai samu kiredit a Turanci ba kuwa, jami'a sai dai ya hango ta daga nesa, ko da kuwa Jami'ar Sufuri ta Tarayya ce da ke nan cikin Daura.

Matsalar ba ta rashin kaifin ƙwaƙwalwa ba ce, ginin harsunan biyu ne ya sha bamban. Bahaushe yana sa "an" a gaba, ya bar macijiyar a inda take. Bature kuwa sai ya ɗauko ta ya kai farkon jimla, ya sa "was", sannan ya kawo siffa ta uku ta aikatau: "The snake was killed." A nan ake yawan zamewa, wani ya rubuta "was kill", wani ya manta da "was" ɗin gaba ɗaya. Turanci kuma ya yarda a liƙa "by Bayajidda" a ƙarshe, abin da Hausa ba ta yi. In Bahaushe zai ambaci suna, sai ya ce Bayajidda ne ya kashe ta.

Abin takaicin shi ne yawancin yaran nan sun riga sun san darasin. Wanda ya yi nahawun Larabci a Islamiyya ya karanta fi'ili majhuli da na'ibul fa'ili, amma da wuya ka ji malamin Turanci ya fara daga nan. An fi son a rubuta doka a allo a ce a haddace.

Amfanin darasin bai tsaya a ɗakin jarrabawa ba. A 1987, da badaƙalar sayar wa Iran makamai ta taso, shugaban Amurka Ronald Reagan ya ce wa majalisa "mistakes were made", wato an yi kurakurai, bai ce ga wanda ya yi su ba. Haka sanarwar hukuma ke isowa Mai'adua ko Zango: an ba da kwangila, an saki kuɗi, an raba taki. Manomin da bai ga buhu ko ɗaya ba, sai ya rasa ƙofar ofishin da zai je ya tsaya.