Furen Kaka a Cikin Tukunya

Damina ta ɗauke a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran yanka, ruwan fadama kuwa yana ja da baya a hankali. A irin wannan lokaci ne waɗansu 'yan ƙungiyoyinmu, yawancinsu mata, sukan tambaye mu ko akwai abin da za su shuka a tsakar gida, tun da yake ba kowa ke da fili a bakin Gulbin Rima ko Gulbin Sakkwato ba. Akwai mana. Tukunyar da gindinta ya tsage, da daron da ya huje, da randar da aka daina zuba wa ruwa, kowannensu ɗan lambu ne.

Wani zai ce, me manomi zai yi da fure, ana ci ne? To, ai akwai furen kakar da muka gada, ana kuwa ci. Yakuwa ba ta yin fure sai yini ya fara gajarta, watau wajen watan Oktoba. Daga wannan fure ne ake samun soɓorodo, ganyen a yi miya, gurguzun kuma a yi daddawar batso. Wanda ya shuka ta cikin randa a watan Agusta zai ga furenta da kaka. Wanda ya bari sai Oktoba, za ta yi fure tun tana 'yar ƙarama, abin da zai tsinka ba zai cika tafin hannu ba. Lalle ma yana zama cikin babbar randa shekara da shekaru, furensa kuwa ƙanshinsa kan cika gida da dare. Haka daɗɗoya da na'ana'a.

A yi hankali da fakitin irin fure da ake kawowa daga Turai. Kakar Ingila gangarawa take yi zuwa ƙanƙara, furannin da suke shukawa a lokacin masu son sanyi ne da laima. Tamu kakar gangarawa take yi zuwa fari da ƙurar hunturu, daga baya kuma zafin bazara. Baƙin furen da suka karɓi ƙasarmu su ne waɗanda suka fito daga ƙasashe masu zafi. Akwai marigol da ziniya, asalinsu ƙasar Meziko ne. Akwai kuma ferwinkil na tsibirin Madagaska, mai fure fari ko ja-ja, wanda ke jure ƙishi ƙwarai, amma yana da dafi, kada yara ko awaki su ci.

Cikinsu duka mun fi son marigol, mai fure ruwan ɗorawa, gama ba ado kaɗai yake yi ba. Masu lambun tumatir sun san cutar nan da ke sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, shuka ta yanƙwane ko da an ba ta ruwa. Wata tsutsa ce ƙanƙanuwa da ido ba ya gani. Saiwar marigol tana fitar da wani abu da ke rage wannan tsutsa a ƙasa. Amma kada a ɗauka tukunya ɗaya a gefen lambu za ta yi maganinta. Sai an cike fangalin da ya kamu da marigol, ya yi kamar wata biyu a wurin, kafin a dasa tumatir. Amfanin tukunya a nan shi ne iri. Marigol yakan yi fure mako shida zuwa takwas bayan shuka, tukwane biyar kuwa za su ba da irin da zai ishi fangali da yawa. Ban da wannan, fure da rani abincin zuma ne. Masu barin albasa ta yi kai domin iri sun san zuma da ƙudaje ne ke ɗaukar garin fure daga wannan kai zuwa wancan, in babu su iri ba ya yin kirki.

Ga yadda za a shirya mazubi. Tukunyar ƙasa ta fi gwangwani da roba, domin tana tsatsafo, saiwa ta zauna cikin sanyi. Wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yi amfani da ita, ya sa randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin ajiye kayan miya, har aka ba shi lambar Rolex a shekarar 2000. Gwangwani da tsakar rana yakan yi zafin da zai dafa saiwa. In shi kaɗai ake da shi, a naɗe shi da tsohon buhu. Mazubin da aka taɓa zuba wa maganin ƙwari ko na ciyawa kuwa, kada a taɓa shi, ko an wanke. Ko mene ne mazubin, sai an huda gindinsa, a ɗora tsingaro a kan hujin don kada ƙasa ta toshe shi. Tukunyar da ruwa ke kwana a cikinta ruɓar da saiwa take yi, ta kuma tara sauro.

Wajen ƙasa ne mutanen fadama suka fi yin kuskure. Sun saba ganin laka tana ba da shinkafa da albasa, sai su cika tukunya da ita. A cikin tukunya laka daskarewa take yi kamar tubali, ta tsage, ruwa ya bi ta gefe ya fita bai jiƙa kome ba. A haɗa kwano biyu na ƙasar jigawa, kwano ɗaya na laka, kwano ɗaya na takin dabba wanda ya ruɓe sosai har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Bayan tsiro ya kai tsawon yatsa, a rufe bakin tukunyar da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, ruwa zai daɗe bai bushe ba.

Ruwa da safe, in hunturu ya tsananta a ƙara da yamma. A tura yatsa cikin ƙasa, in da laima a bari. Ruwan wanke shinkafa da ƙasari suna da kyau, in awaki sun rage. Ruwan wanki mai sabulu da ruwan kanwa suna tara gishiri a tukunya har ganye ya ƙone ta baki. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka a jera tukwane ta kudu da katanga ko zana, inda za su sami rana amma iska ba ta buge su ba. A ɗora su kan duwatsu saboda gara, a kewaye da ƙaya saboda kaji da awaki. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata biyu kafin a sauke tuwo.

Masu noman rani ma suna da rabo a nan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman rani ya ƙaru a kwarin Rima, amma ruwa ba ya shawara da kowa. Ambaliyar watan Satumba 2010 ta cinye gonaki da gidaje a Goronyo da ƙauyukan da ke ƙasa da ita, ko a shekarar da ba a yi irin wannan ba kuwa, fadama takan daɗe ba ta janye ba. Wanda ya yafa irin tumatir da tattasai a daro cikin gida ba ya jiran ruwa. Tumatir yakan isa dashe cikin mako huɗu zuwa biyar, tattasai da attarugu kamar mako shida, ran da ƙasa ta sha iska dashensa yana hannu. Albasa dai ba mu ba da shawarar a rene ta a daro ba, gama yawan da ake bukata sai fangali.

Game da iri, fakiti ɗaya ya ishi ƙungiya guda, a raba wa mutum goma, kowa ya maido da iri bayan wata uku. In an ga an rubuta F1 a jikin fakiti, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwar ba, a nemi wanda ba shi da wannan alama. A bar kan marigol ya bushe a jikin uwarsa, sa'an nan a tsinke a murza. Irin sirara ne baƙaƙe masu farin kai, kamar guntayen tsintsiya. A shanya a inuwa kwana uku, a zuba a kwalba da ɗan toka, a toshe, a rubuta suna da wata a jiki.