Rediyon da ke cikin kwamfuta: yadda muryar Kanan-Bakashe za ta iya kai wa 'yan ci-rani

A Kanan-Bakashe, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, akwatin rediyo yana nan da darajarsa. Manomi na rataye shi a gonar gero, a ji labarin damina, farashin hatsi da sanarwar rasuwa. Amma ɗan garin da ya tafi ci-rani Aljeriya ko Legas ba ya jin ko ɗaya, domin zangon FM, wanda ke tsakanin megahaz 87.5 da 108, ba ya nisa. Tashar da ake ji raɗau a Tasawa tana ɓacewa tun kafin mota ta kai Agadas.

A nan ne fasahar SDR ta shigo, wato rediyon da manhaja ke sarrafawa. A tsohon akwati, kowane aiki da ƙarfensa: wani na zaɓen tasha, wani na tace hayaniya, wani na fito da murya. A SDR kuwa, eriya ce ke kamo igiyar, wata 'yar na'ura ta mayar da ita lambobi, sauran aikin duka manhaja ce ke yi. Sauya manhaja kaɗai kan mayar da na'ura ɗaya wani rediyo daban.

Injiniyan Amurka Joseph Mitola ne ya yayata tunanin a farkon shekarun 1990. A 2012 aka gano cewa wani ɗan ƙaramin abin kama talabijin da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da guntun RTL2832U, zai iya yin wannan aiki, sai fasahar ta yi araha. Tun 2008 kuma jami'ar Twente da ke ƙasar Holan ta jona na'urarta da intanet, kowa na iya sauraron gajeren zango ta cikinta.

Amfanin hakan ya fito fili bayan da hukumomin Nijar suka dakatar da RFI a watan Agustan 2023, da BBC a Disamban 2024.

Sai dai na'urar Holan ba ta kama FM ɗin Mayahi. Dole wani ya kafa eriya a yankin, da faifan sola da layin intanet mai ƙarfi, kuma ya nemi yardar masu tashar. Aika murya ta iska kuwa sai da lasisin hukuma. Ga matasan da suka karanci kwamfuta a Maraɗi, wannan aiki ne da ke jiran mai yi.