Ladan Mai Rabon Gado Da Na Wakili: Yadda A Ke Ƙididdige Shi

Araba tana bakin iyaka cikin ƙasar Illela, Birnin Ƙonni na tsallake. Fatken wannan wuri ya kan mutu ya bar shanu a Nijar, hatsi a Nijeriya, bashi kuwa rabi naira rabi sefa. Kafin magada su san abin da ya zama nasu, tilas a sami mai tattarawa, da mai ƙimantawa, wani lokaci har da lauya. To, daga aljihun wa ladansu zai fito, kuma da wane ma'auni?

Tun da fari, Shaihu Usmanu ɗan Fodiyo cikin Kitabul Farƙi ya lissafa cin dukiyar mamaci da sunan gado cikin zaluncin sarakunan da ya tarar. A zamanin En'e kuma kotun alƙali ta kan cire ushira, watau ɗaya bisa goma na dukiyar da ta raba, ta shiga baitulmali. Ushira kuwa girman dukiya ta ke bi, ko an sha wahala wajen rabo ko ba a sha ba.

Fiƙihun Malikiyya ya bi wata hanya dabam. Muhtasar na Shaihu Halilu ya jera abin da ke fita daga dukiyar mamaci: haƙƙin da ya rataya ga wani abu ayyananne kamar jingina, sa'an nan kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya cikin sulusi, saura na magada. Ladan mai rabo kuwa bisa yawan kawuna a ke biyansa, gama wahalar fitar da ƙaramin rabo ɗaya ce da ta babba. Shafi'iyya suka ce a bi girman rabo.

Ga misali. Falke ya bar naira 2,400,000 bayan bashi, da mata ɗaya, da ɗa, da ɗiya. Matar tana da tumuni, 300,000, ɗan 1,400,000, ɗiyar 700,000. In ladan mai rabo 30,000 ne, bisa kawuna kowa zai ba da 10,000. Bisa girman rabo kuwa matar 3,750 kaɗai za ta biya, ɗiyar 8,750, ɗan 17,500. Bambancin ba ƙanƙane ba ne ga matar da ke cikin takaba.

Wakilin husuma ɗan ijara ne ga wanda ya wakilta shi, ladansa yana wuyan wannan, ba ya hawa kan marayan da bai ɗauke shi ba. Sharaɗi ne ladan ya zama sananne tun farko. In yarjejeniya ta ɓaci, alƙali ya kan yanka ujratul misli, watau abin da a kan ba irinsa bisa irin wannan aiki a wannan gari.

Zamanin En'e ba a yarda lauya ya tsaya gaban alƙali ba, yanzu yana tsayawa. Dokar lauyoyin Nijeriya ta 1975 ta hana lauya ya kai ƙarar neman ladansa sai ya miƙa takardar lissafi an yi wata guda. Wanda ya ga an tsawwala masa yana iya roƙon Babbar Kotu ta tace lissafin. A kan duba lokacin da aikin ya ci, da wuyarsa, da yawan dukiyar, da abin da aka saba biya.

Saboda haka mai hankali ya kan yanka lada gaban shaidu, a rubuta, tun ba a taɓa ko akuya ba. Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani game da dukiyar maraya. Allah ya tsare, amin.