Kafin Ka Ja Wa Kayan Sauti Layin Wuta, Duba Wayar da Za Ka Saya

A Mubi, gidaje da shaguna da yawa suna da amfilifaya da manyan sifiku, haka masallatai da gidajen kallon ƙwallo. Sai dai akasari ana jona su ne a soket ɗaya da firji da dutsen guga. Shi ya sa da zarar firji ya tashi sai ka ji "ƙas" a sifika, ko wani gurnani da ba ya ɗaukewa. Maganin shi ne a ja wa kayan sautin layinsu daban tun daga akwatin rarraba wuta, da birekarsu.

Wutar da kamfanin YEDC ke kawowa ya kamata ta kai bolt 230. Don layin soket, wayar da ta dace ita ce mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da bireka mai amfiya 20. Mai 1.5 ta fitilu ce, kada a yarda a sa ta don sauƙin kuɗi. Idan tazarar tana da tsawo, kamar daga cikin gida zuwa zaure ko shago, gara a hau zuwa murabba'in milimita 4.

Babban haɗarin yana wajen saye. Akwai wayoyin da jan ƙarfensu shafe ne kawai, cikinsu alminiyam ne, wanda bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba. Ka fere robar, ka kankare zaren da reza. In ka ga fari a ciki, ajiye ta. Ɗaga naɗin kuma ka ji, jabu ba ta da nauyi. Irin wannan waya tana zafi, mahaɗarta na saki, kuma a zafin Maris da Afrilu, cikin silin ƙarƙashin kwano, nan gobara ke farawa. Nemi ta sanannun kamfanonin gida irin su Cutix, Coleman ko Nigerchin, mai ɗauke da tambarin hukumar SON. Araha dai ba ta ado.

Wayar atin, mai launin kore da ruwan ɗorawa, wajibi ce, kuma a haɗa ta da sandar da aka kafa a ƙasa. Wasu kan cire ta wai don gurnani ya daina. Yin haka na iya sa jikin amfilifaya ko makirufo ya ja mutum har lahira. Abin yi shi ne a raba hanyar wayar sauti da ta wuta, kada a ɗaure su tare.

A sani kuma, waya komai tsadarta ba ta gyara wuta mai rauni. Wannan aikin sitabilaiza ne. Da damina, in hadari ya haɗo da tsawa, a zare filogi gaba ɗaya.

Jama'a, a bar wa yaron unguwa gyaran tocila. Aikin wayarin a ba ƙwararre mai shaidar hukumar NEMSA, kuma a tsaya a ga wayar da ido kafin ta shiga bango.