Tsibiri ko Jiratawa: ina ya fi dacewa ɗan kasuwar Maraɗi ya kafa gida?

Duk wanda ke biyan haya cikin birnin Maraɗi ya san yadda ƙarshen wata yake. Kafin ka gama lissafin ribar da ka samu, mai gida ya aiko yaro. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2001 ta samu mutum kimanin dubu 148 cikin birnin, ta 2012 kuwa ta samu sama da dubu 267, kuma tun daga nan garin bai daina cika ba. Fili cikin gari ya zama sai manyan alhazai. Shi ya sa ƙananan ƴan kasuwa da mata masu sana'a, waɗanda suka yi shekaru suna zubin adashi don su mallaki inda za su sa haƙarƙari, suka fara duban bayan gari.

Wurare biyu ne aka fi ambata. Akwai Tsibirin Gobir ta arewa maso yamma, cikin gundumar Gidan Runji, akwai kuma Jiratawa ta kudu, cikin gundumar Madarunfa. Kowane bai wuce kilomita 15 daga Maraɗi ba, kuma Gulbin Maraɗi ya ratsa ƙasar kowane. To amma zaman wuraren biyu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya zaɓa don arahar fili kaɗai yana iya yin da-na-sani.

Garin sarauta da garin garka

Tsibiri tsohon gari ne mai fada. Nan Gobirawa suka kafa babban birninsu wajen shekarar 1836, zamanin Sarkin Gobir Mayaƙi, bayan yaƙe-yaƙen jihadi sun raba su da Alƙalawa. Har yau nan fadar Sarkin Gobir take, da Inna, da sauran masu sarauta. Wanda ya koma Tsibiri ya koma gari ne sosai, mai unguwanni da kasuwa da makarantu da masallatan da suka daɗe, kuma a tsarin mulki ƙaramar hukumar birni ce. Baƙo yana samun maƙwabta da wuri, mace mai tuyar ƙosai ko mai ƙuli-ƙuli ba ta rasa masu saye a ƙofar gida.

Jiratawa kuwa ƙaramar hukumar karkara ce, kuma abin da ya fito da sunanta shi ne noman rani. A farkon shekarun 1980 aka gyara fadamarta, fili mai kimanin hekta 500, aka gina rijiyoyi da injinan jan ruwa da magudanai, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da ƙungiyoyin manoma. Daga nan ne zogale da tumatur da albasa da tattasai da alkama da masara ke fitowa, har lokacin da gonakin tudu suka bushe ƙurmus. Rayuwar wurin tana bin garka ne: ranar tsinkar ganye, ranar ban ruwa, ranar da motoci ke lodi.

Saboda haka tambayar farko ba ta kuɗin fili ba ce. Tambayar ita ce: hajarki daga ina take fitowa, kuma ina take zuwa?

Kowa da hanyar hajarsa

Tsibiri na kusa da babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta tashi daga Yamai ta bi Dosso da Ƙwanni da Madawa da Gidan Runji, ta wuce Damagaram. Mai sayen hatsi da wake da gyaɗa da aya daga kasuwannin ƙauyukan arewa da yamma, ko mai aika kaya Yamai da Tawa, zama a wannan ɓangare yana rage mashi wahala, don ba sai kaya sun ratsa cunkoson birni ba kafin su hau hanya.

Ɓangaren Jiratawa kuwa ya fuskanci Najeriya ne. Hanyar da ta bar Maraɗi ta kudu ita ke kai wa Ɗan Isa, ta tsallaka iyaka zuwa Jibiya da Katsina da Kano. Mai ɗauko atamfa da robobi da kayan masarufi daga Kano, da mai sarin ganye da kayan miya da asuba, duk wannan ɓangaren ya fi masu sauƙi. Mai sayar da ɗanyen zogale ta san cewa awa biyu cikin rana na iya rage ma kayanta daraja, don haka kusanci da garka jari ne gare ta.

Sai dai wanda ya jingina rayuwarsa gaba ɗaya ga iyaka ya tuna abin da ya faru sau biyu cikin ƴan shekaru. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa saboda takunkumin CEDEAO, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, har zuwa farkon 2024 da aka ɗage takunkumin. Duk jihar ta ji a jika, amma garuruwan hanyar Ɗan Isa, inda masu abinci da masu faci da ƴan dako ke rayuwa da wucewar motoci, su suka fi shan wuya. Akwai kuma maganar jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Dillalai na yawan ambatonsa don su ɗaga kuɗin filayen kudu. Kada mutum ya biya kuɗin tashar da bai gani da idonsa ba.

Lissafin zuwa da dawowa

Ga wanda rumfarsa ke cikin babbar kasuwar Maraɗi, ko a Tsibiri ya zauna ko a Jiratawa, akwai wata haya da ba mai gida ke karɓa ba, ita ce ta abin hawa. Mu yi misali. A ce zuwa dala ɗari ne, dawowa dala ɗari, wato jika guda ke nan a yini. In ana fita kwana 26 cikin wata, jika 26 ne, a shekara kuma jika 312. Ba a sa kuɗin dakon kaya ba, ba a sa na yaran da ke karatu cikin birni ba. Kowa ya sa farashin da ya sani a madadin wannan, ya gwada da hayar da yake biya yanzu. Wani zai ga ya ci riba, wani kuma zai ga cewa hayar da ya gudo ma ita ce ta biyo shi bisa kabu-kabu.

Akwai kuma lokaci. Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwar Maraɗi ke cika, wadda ta makara ta rasa masu sayen safe. Ga mace mai goyo, ko wadda ke dafa abincin gida kafin ta fita, tafiyar rabin awa safe da marece ba ƙaramin abu ba ne. Amma ta wani gefen, fili mai faɗi na bayan gari yana ba da abin da ɗakin haya ba ya bayarwa: wurin ɗaure jar akuya biyu ko uku, wurin shanya, wurin ajiye buhunan hatsi a saya da kaka a sayar da bazara. Ga wadda za ta yi amfani da wannan sarari, shi ke biyan kuɗin hanya.

Ruwan sha da ruwan sama

Ba a maganar zama a Tsibiri a tsallake abin da ya samu ɗiyan garin. A shekarar 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiya mai zurfi, ashe ruwan na ɗauke da sinadarin fuliyo fiye da kima. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada ya wuce miligiram ɗaya da rabi cikin lita guda, na Tsibiri kuwa ya ninka haka fiye da sau uku. Yaran da suka tashi da wannan ruwa haƙoransu suka rine, ɗaruruwa daga cikinsu ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Sai wajen shekara ta 2000 abin ya fito fili, daga baya aka sauya ma garin wurin ɗibar ruwa.

Ba mu kawo wannan don a guji Tsibiri ba. Darasin na kowa ne, ko ina ya zauna. Sinadarin ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari, ruwan garau yake a ido, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Yau da mutane ke gina foraj cikin sabbin unguwannin da fanfo bai kai ba, suna kuma sayar ma maƙwabta, wajibi ne a tambaya ko an kai ruwan an auna. Mai sana'ar kunu ko fura ko ƙanƙara ta fi kowa buƙatar wannan amsa, don ɗiyan mutane take shayarwa.

A fadamar Jiratawa ruwa na kusa da ƙasa, abin da ke taimakon manomi amma yake cutar mai gini. Damshi na cin gindin bango, sauro kuma na yawa da damina. Tsibiri ma na da nata gefen gulbi, don haka wannan gargaɗi ya shafi duka biyu. Dattawa sun san cewa ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon Maraɗi na cikin kwari, har aka maido garin bisa tudu. Madatsar ruwan Jibiya, da aka gina a farkon shekarun 1990, ta rage ruwan da gulbi ke kawowa, sai mutane suka saki jiki suna gini inda kakanni ba su yi ba. Daminar 2024 ta tuna ma kowa gaskiya, lokacin da jihar Maraɗi ta kasance cikin waɗanda ambaliya ta fi yi ma ɓarna, gidaje suka faɗi, aka rasa rayuka. Filin da aka nuna maka cikin watan Maris, koma ka dube shi cikin Agusta, kashegarin babban ruwa. Gani ya kori ji.

Likita da tsaro

Ta fannin lafiya, ƙananan ciwo ana maganinsu a gida a duka wuraren biyu, amma babbar rashin lafiya ko haihuwar da ta zo da gardama sai an dangana da asibitocin Maraɗi. Ɓangaren kudu na da asibitin Danja, wanda aka daɗe da sani da maganin kuturta, inda kuma aka buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a 2012. Abin dubawa shi ne ko mota na iya isa ƙofar gidanka da tsakar dare cikin damina.

Maganar tsaro kuwa ba gundumar da za ta yi ma ƴar uwarta dariya, don duka biyu sun yi iyaka da Najeriya. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo jihar, akasari ta gundumar Gidan Runji. Satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa sun taɓa ƙauyukan bakin iyaka na ɓangarorin biyu, kamar yankin Gidan Sori ta yamma da yankin Gabi ta kudu. Cikin garin Tsibiri da cikin garin Jiratawa, da ke dab da birni, ba daidai suke da waɗannan ƙauyuka ba. Duk da haka ɗan kasuwa mai kwana da kuɗi ya fi kyau ya zauna cikin mutane, kada araha ta kai shi gida ɗaya tilo a tsakiyar gonaki.

Takarda kafin tubali

Mafi yawan filayen bayan gari gonaki ne jiya, da yawansu kuma na gado ne. Nan rigima take. Ɗaya daga cikin magada ya sayar, bayan an yi gini sauran su taso. Ko kuma fili guda a sayar ma mutum biyu. In filin cikin wurin da aka yanka ne, a nemi takardar mallaka daga ofishin magajin garin da filin ke ƙarƙashinsa, a je da ƙafa a duba lambar cikin littafi. Filin Tsibiri ba a ofishin Maraɗi ake tabbatar da shi ba, haka na Jiratawa. In kuwa gona ce, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, kuma ta hannunsu da na mai gari ake yin takardar saye, gaban shaidu, da yardar dukan magada.

Ke kuma Hajiya, in da kuɗin adashinki aka saya, sunanki ya kamata ya hau takarda. Ba rashin yarda da maigida ko ɗan uwa ba ne. Rai na hannun Allah, kuma ranar rabon gado takarda ake tambaya.

To wanne za a ɗauka?

Mai hatsi da gyaɗa da aya, mai hulɗa da Yamai da Tawa, da wadda ke son ta buɗe sana'a a ƙofar gida cikin gari mai jama'a, Tsibiri ta fi kusa da buƙatarsu. Mai ganye da kayan miya, mai zirga-zirgar Katsina da Kano, da wanda ke son ya haɗa kasuwa da ƴar garka, ɓangaren Jiratawa ya fi masu. Wanda kuwa duk cinikinsa ke cikin babbar kasuwa tun safe har magariba, kuma ba kiwo zai yi ba, ba ajiya ba, ya yi lissafi sau biyu, wataƙila ƙaramin fili a gefen birni ya fi mashi babba a nesa.

In da hali, a kama hayar ɗaki a wurin da aka zaɓa, a yi damina guda kafin a zuba tubali. Kuɗin haya na wata huɗu bai kai asarar gumin shekara goma ba. Allah ya ba kowa muhalli na alheri, ya sa albarka cikin nema.