Injiniya da Ruwan Tiga

A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga. A lokacin nan Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano.

Kafin a zuba ko kwando guda na ƙasa, sai da injiniyoyi suka lissafa yawan ruwan da Kogin Kano yake kawowa da damina, da girman bangon da zai tare shi. Kimiyya ta koya musu cewa gwargwadon zurfin ruwa, gwargwadon ƙarfin turinsa. Shi ya sa suka faɗaɗa gindin bangon ƙwarai, samansa kuwa siriri.

Yara, wannan lissafi ba wasa ba ne. A 1988 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Bagauda, ta fashe, ya cinye gidaje da gonaki.